Ranar da Minti-Biyu Ya Gyara Mana Firinta

A ofishinmu akwai wani bawan Allah da muke kira Minti-Biyu. Aikinsa na gaskiya kula da sito ne, ya ba da biro, ya karɓi tsohuwar tsintsiya, ya kulle ƙofa. Amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse da hannunsa aka ƙera jirgin sama. Fanka ta tsaya, zai ce aikin minti biyu ne. Makullin banɗaki ya maƙale, minti biyu ne. Fankar nan har yau tana kwance a sito, ƙofar banɗakin kuwa sai da muka kira kafinta ya ɓalle ta, Akanta tana ciki tana tsine masa. Ni ce sakatariya, teburina yana kallon firinta, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Firinta ɗaya gare mu, ƙatuwa, mai durowa uku, tana tsaye a lungun babban ɗaki kusa da taga. Mu na ƙasa da mutanen bene duk ita muke tura wa aiki. In ka danna a kwamfutarka, takardar ba ta zuwa firinta kai tsaye, sai ta biya ta wata babbar kwamfuta da ke kulle a ɗakin Injiniya, ta shiga layi, na gaba ya fita sannan na baya. Kowa yana iya ganin layin daga teburinsa, sai dai ba suna ake rubutawa ba, lambar ma'aikaci ce, wadda ke jikin katin shaidarmu. Injiniya kaɗai ke da izinin taɓa layin gaba ɗaya, kuma wannan izinin shi ya tsaya wa Minti-Biyu a rai. Kullum faɗa yake wai Injiniya bai fi shi da komai ba sai lambar sirri, ranar da aka ba shi dama kowa zai ga aiki.

To, damar ta zo ranar wata Laraba. Injiniya ya tafi rubuta jarrabawa, wayarsa a kashe har bayan sha biyu. Manaja kuma ƙarfe ɗaya daidai zai kama hanya, tafiyar sati uku. Ina zama Baba Masinja ya zo ya tsaya a gaban teburina, ya sanyo rigarsa mai kyau, yana ta murza hannu. 'Yarsa ta fari ce ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, gurbin da ake ware wa 'ya'yan ƙananan ma'aikata. Abu ɗaya ya rage, wasiƙar shaida daga wurin aikinsa, da sa hannun Manaja da hatimi, kuma yau ƙarfe huɗu ake rufe karɓa. In ba a kai ba, na bayanta a jerin sunaye za a kira. Yarinyar nan sau biyu tana nema, sai bana Allah ya yi.

Na ce Baba kwantar da hankalinka, shafi ɗaya ne. Irin wannan wasiƙa daga cikin na'urar ma'aikata take fitowa da lambarta, ba ta shiga filas, ba ta tafiya ta waya, firintar ofis kaɗai ta sani. Na cike ta, na duba sunan yarinyar sau biyu, na danna. Baba ya je ya tsaya a bakin firinta ya tara hannu. Shiru. Firinta ko tari ba ta yi ba, sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke ƙiftawa a ƙasa.

Na buɗe layi. Abin da na gani ya sa na tashi zaune sosai. Aiki talatin da bakwai ne a gaba, duk na mutum ɗaya, lamba 0417, tun jiya da yamma aka turo su, na farkon ya toshe hanya ya ƙi gaba ya ƙi baya. Bayansu takardun mutane na safe guda takwas, sannan wasiƙar Baba. Na gwada goge na farkon, kwamfuta ta ce ba ni da izini. Na kira Injiniya, a kashe.

Ban rufe baki ba sai ga Minti-Biyu ya fito daga sito cikin farar riga fes, yana naɗe hannu. Ko tambayarsa ba a yi ba. Ya zagaya firinta sau ɗaya, ya saurara da kunne a jikinta, ya girgiza kai irin na manyan likitoci.

"Anti, ƙaramin abu ne wannan. Minti biyu."

Na ce masa ya yi wa Allah ya koma sitonsa. Ya yi dariya ya ce ai matsalarmu ke nan, mun mai da Injiniya kamar iskar shaƙa. Ya kashe firinta ya kunna, ba ta motsa ba. Ya sake kashewa, ya ƙirga goma da ƙarfi don kowa ya ji, ya kunna. Ya ɗan mare ta a gefe, ya ce wani lokaci sai an nuna musu ba a tsoronsu. Baba Masinja ya matso a hankali ya ce shi dai a iya saninsa, in fitilar ƙasan nan tana ƙiftawa, babbar takarda take nema a durowar ƙasa, don shekara goma sha ɗaya shi ke zuba mata takarda. Minti-Biyu ya dafa kafaɗarsa ya ce Baba ya je ya zauna ya huta, wannan magana ce ta ilimi, matsalar tana cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ba a cikinta ba. Baba mutum ne mai kawaici, ya ja da baya ya zauna a bencinsa.

Daga nan Minti-Biyu ya tafa hannu ya tara hankalin ɗaki. Ya ce abin mai sauƙi ne, layi kamar motar da ta mutu a hanya yake, turi take so. Kowa ya buɗe takarda, ko wace iri ce, in ya ƙirga uku a danna tare, nauyin na baya zai ture na gaba ya fita. Abin haushi, a ofishinmu dama haka muka saba, in takarda ba ta fito ba sai ka sake dannawa, ka sake, har ka gaji. Don haka ba wanda ya ga laifin maganar. Ya ƙirga, aka danna. Ya ce da saura, a ƙara ƙarfi. Aka yi ta dannawa, Akanta har da hannu biyu. Da na sake duba layi, aiki ɗari da sittin da wani abu ne a ciki, na farkon yana nan inda yake, ko gezau.

A nan ne na yi wautar da har yau nake jin haushin kaina. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce wasiƙar Baba ta daɗe a layi ta yi sanyi, in goge ta in turo sabuwa mai jini a jika. Hankalina a tashe yake, agogo ya wuce goma, na biye masa. Tawa ta gogu nan take ba gardama, na sake turawa. Sai da na gama na ga abin da na yi. Wasiƙar da take ta arba'in da shida ta koma can ƙarshen layi, bayan duk tarkacen da aka tura. Na ɗago na dube shi, ya ce hakan ma dabara ce.

Amma wautar ta koya mini abu ɗaya. Tunda tawa ta gogu, ta 0417 ta ƙi, ke nan kowa nasa kaɗai yake iya gogewa. Na faɗa da ƙarfi cewa a nemo mai lambar nan ya goge nasa, shi ke nan an huta. Kowa ya juya katin da ke wuyansa ya duba, ba mai ita. Akanta ta ce to Malam Minti-Biyu ina naka katin. Ya ce nasa yana gida, shi ba ya rataya kati kamar akuyar da za a kai kasuwa, kuma ba ya bukatar dubawa, don mai irin iliminsa ba zai yi wannan ɗanyen aiki ba.

Sai ya shiga zagin 0417. Ya ce ko wane ne wannan, jahili ne na ƙarshe, irin waɗanda suka ga kwamfuta da girma. Mutum ya tura abu sau talatin da bakwai, ai wannan ko a gida bai kamata a bar masa rimot ba. Ya ce shi da Manaja ne, yau ɗin nan zai rubuta masa takardar kora, ya sa a manna hotonsa a bakin ƙofa. Ya rantse ɗan bene ne, ya haye sama da gudu. Muna jiyo shi yana bin teburi teburi yana cewa a nuna masa kati. Bai yi minti biyar ba ya sauko da sauri fiye da yadda ya hau, wata murya tana bin sa da cewa in ya sake hawowa da tsintsiya za a sauko da shi.

Na ce a bari, ai jerin lambobin ma'aikata yana cikin kwamfutata, yanzu zan duba. Sai wayar Manaja ta shigo, yana neman fayil ɗin tafiyarsa. Na tashi na kai masa. Ina fitowa na tarar da Minti-Biyu zaune daram a kujerata yana ƙwanƙwasa madannai da yatsa biyu. Wai ya san halin Injiniya ciki da waje, zai iya cankar lambar sirrinsa. Ya gwada sunan matarsa, ya gwada lambar babur ɗinsa, ya gwada sunan ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya. Kafin in ƙaraso kwamfutar ta yi wani ƙara, ta fito da rubutu cewa an kulle ta na awa uku saboda wani yana ƙoƙarin shiga ba bisa ƙa'ida ba.

Wallahi na ji kamar in ɗauki abin huda takarda in ƙwala masa. Na ce ya tashi mini daga kujera tun muna mu biyu. Ya tashi yana gyara riga, yana gaya wa Akanta cewa kullewar nan alama ce ya kusa, saura ƙiris ya canka, shi ya sa na'urar ta tsorata. Akanta ta ce ai ita ma ƙofar banɗaki haka ta tsorata.

Sha ɗaya ta wuce. Baba Masinja yana benci, wayarsa ta yi ƙara, 'yar tasa ce, na ji yana cewa a hankali, "Ana nan ana bugawa, uwata, ki yi haƙuri, yanzu zan taho." Ya kashe ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Shi kuwa gwanin namu ya koma kan firinta. Ya ce yanzu ya gano, tawada ce ta daskare. Ya buɗe cikinta, ya zaro kwalin hodar tawada, ya ce a lura da kyau a koya, don Injiniya ba zai taɓa nuna mana wannan ba. Ya ɗaga shi sama ya shiga girgizawa kamar mai kaɗa magani a kwalba. A girgiza ta huɗu wani murfi ya fice. Baƙar hoda ta tashi bus, ta rufe shi daga goshi har aljihu. Ba abin da ake gani sai idanunsa biyu farare da ke ƙiftawa. Ya yi atishawa, wata hodar ta sake tashi. Akanta ta kifa kai a tebur tana dukan fayil, dariya ta hana ta numfashi. Ya sa hannu ya share fuska, abin ya ƙara damewa, amma duk da haka bakinsa bai mutu ba, cewa ya yi dama haka ake so, tsohuwar hodar ce ta fita.

Baba ya kawo masa tsumma, ya taimaka aka mai da kwalin. Yana miƙa masa tsumman ya sake cewa, cikin ladabi, ko dai a gwada babbar takardar nan, tana sito a saman kabad. Minti-Biyu ya ce Baba don Allah ya daina katse masa tunani.

Tunanin da ya yi shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi muni. Ya ce tunda ɗakin Injiniya a kulle yake, to sai a yanke wa babbar kwamfutar hanya, in ta farka ta ga ba kowa za ta manta da layin. A baranda akwai wani akwati manne a bango mai ƙananan fitilu kore, wayoyi shuɗɗa sun fi ashirin a jikinsa. Ya jawo kujera ya hau. Na bi shi ina cewa kada ya taɓa, ya ce waya ɗaya kawai zai zare. Ya zare ɗaya, ya tambaya ko ta fito. Ba ta fito ba. Ya zare ta biyu, ta uku, daga nan ya kama su dunƙule ya finciko.

Ba a yi minti biyu ba, wannan karon da gaske, muka ji takun ƙafa a matakala. Mutanen bene ne gaba ɗayansu suke saukowa, wani yana tsakiyar taro ta bidiyo aka yanke shi, wata aikin da ta wuni tana cikewa ya ɓace. Suka tarar da mutum a kan kujera, baƙi ƙirin, da damin wayoyi a hannu. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya da gaske ko gobara aka yi. Minti-Biyu ya ce a kwantar da hankali, gyara ake yi, kuma duk laifin wani sakarai ne mai lamba 0417, wanda yake kyautata zaton yana cikinsu yanzu haka yana ɓoye fuska.

Ƙofar Manaja ta buɗe. Ya fito da jakarsa a hannu, direba yana biye da akwati. Ya dubi taron, ya dubi na kan kujera, ya dubi agogo. Sha biyu da rabi. Manaja ba mai yawan magana ba ne. Ya ce a mai da wayoyin nan yadda suke, kuma shi ƙarfe ɗaya yana cikin mota, ko da wasiƙa ko babu, don jirgi ba ya jiran kowa. Ya ce wa Baba ya yi haƙuri, ba yadda zai yi. Minti-Biyu ya shiga cusa wayoyi a ramuka. Allah ya taimake shi ramukan duk iri ɗaya ne, fitilu suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya.

Ban ga lokacin da Baba ya tashi ba. Sai dai na gan shi ya fito daga sito rungume da ƙunshin babbar takarda, irin wadda ake buga jadawalin bango da ita. Ya durƙusa, ya jawo durowar ƙasa, wayam ba ko ɗaya a ciki. Ya zuba, ya daidaita gefe da tafin hannu, ya tura. Fitilar ruwan ɗorawa ta mutu. Firinta ta yi gyaran murya, ta fara ja.

Minti-Biyu ya diro daga kujera ya ratsa mutane yana bugun ƙirji. Ya ce kun gani ko, zare wayoyin nan ne ya yi aiki, dama ya faɗa. Ya ce kowa ya matso, Manaja ma ya matso, yau asirin 0417 zai tonu, a ga abin da ya hana mutane aiki tun safe. Ya tsaya a bakin firinta ya tara hannu biyu, ya ce shi da kansa zai ɗaga wa jama'a.

Takardar ta fito a hankali, mai launi, ƙatuwa. Ya cafe ta ya ɗaga sama tana kallonmu, bai ko duba ba. Hotonsa ne. Ya sha kwat da taye, ya tallafi haɓa da hannu, yana kallon nesa. Daidai lokacin wayata ta yi ƙara, Injiniya ne ya fito daga jarrabawa ya ga kirana goma sha ɗaya. Na ɗauka na buɗe murya don kowa ya ji, sai Akanta ta gyara tabarau ta karanta abin da ke ƙarƙashin hoton da ƙarfi, kalma kalma.

"Sabon Shugaban Sashen Kwamfuta, mai jiran gado. Daina jiran Injiniya. Kowace matsala, minti biyu."

Daga cikin waya Injiniya ya ce, "Wa ke magana? Wane ne sabon shugaban?"

Minti-Biyu ya juyo da takardar ya duba. Ban taɓa ganin mutum ya yi tsuru-tsuru irin haka ba. Ashe jiya bayan an tashi ya tsaya ya tsara abinsa, yana shirin mannawa a ƙofar sito da safe kafin Manaja ya yi tafiya. Ya tura bai fito ba, ya yi ta dannawa har ya gaji, ya kashe kwamfutarsa ya tafi gida, a zatonsa kashewar ta tafi da komai. Ɗakin ya ɓarke da dariya, mutanen bene har da riƙe bango. Wanda aka yanke wa taro ya ce to ina takardar korar, ga hoto ma an samu na mannawa a bakin ƙofa. Firinta kuwa ba ruwanta, ta turo na biyu, ta fara jan na uku.

Ni dariyar ba ta zauna mini ba, don idona yana kan agogo. Ɗaya saura kwata. Kowane hoto yana cin kusan minti guda, saura talatin da huɗu, bayansu ga tarkace sama da ɗari, sannan wasiƙar Baba. Na gaya wa Injiniya halin da ake ciki a gurguje. Ya ce yana cikin motar haya, ba abin da zai iya daga nan, kuma kada a cire takardar, za ta sake tsayawa. Ya ce hanya ɗaya ce, kowa ya koma teburinsa ya goge nasa, mai talatin da bakwai ɗin nan kuma ba wanda zai iya goge masa sai shi.

Na daka tsawa kowa ya watse. Aka ruga, na ƙasa da na bene, sai ƙarar maus kake ji. Ina leƙen layi a kwamfutar Akanta yana raguwa, ɗari da ashirin, tamanin, hamsin. Ya tsaya a talatin da biyu. Talatin da ɗaya na 0417, ta ƙarshe wasiƙar Baba. Na nufi sito na tarar da Minti-Biyu zaune gaban kwamfutarsa ya zuba mata ido, gumi yana tsaga hanya a cikin baƙar hodar fuskarsa. Na ce me kake jira. Ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Anti, ta ina ake gogewa?"

Na so in ce masa ai minti biyu ne, amma ba lokaci. Na ce buɗe nan, zaɓi duka, danna maus ta dama, ga shi nan, soke. Ya danna, ya bar baƙin tambari a jikin maus ɗin. Duk aikin bai kai daƙiƙa goma ba.

Firinta ta tofo hoto na tara, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ja ƙaramar takarda daga durowar sama. Baba ya karɓe ta da hannu biyu tana da ɗumi. Manaja ya riga ya fita, muka bi shi da gudu, ni da hatimi, Baba da wasiƙa, muka same shi ƙafa ɗaya a cikin mota. Bayan motar ya yi ƙura, sai Akanta da ta biyo mu ta shimfiɗa hoton Minti-Biyu ɗaya a kai. A kan goshinsa Manaja ya ɗora wasiƙar ya sa hannu, ni kuma na buga hatimi daidai kan hancinsa. Baba sai godiya yake, ido ya kawo ruwa. Daɗi ya kama ni har na manta kwamfutata a kulle take.

Manaja ya sauke gilashi ya sa aka kira Minti-Biyu. Ya zo yana sanɗa, ya ce ranka ya daɗe dama wasa ne. Manaja ya ce shi bai ga wasa ba, ya ga mutum mai son ci gaba, kuma ba zai hana shi ba. Daga yau an ba shi muƙami a sashen firinta. Kowace safiya shi zai duba durowa uku ya zuba takarda, a ƙarƙashin Baba Masinja, har sai ranar da Baba ya ce ya iya. Katinsa kuma gobe a wuyansa. Mota ta tashi.

Hadari ya haɗo, an fara yayyafi, Baba yana neman abin da zai rufe wasiƙar kada ta jiƙe. Ya ɗauki hoton da aka sa hannu a kai, ya ninka shi biyu, ya sa wasiƙar a ciki, ya cusa a riga. Ya dubi Minti-Biyu da ke tsaye baƙi ƙirin, ya ce masa tsakani da Allah, ba zolaya a muryarsa, "Na gode, ɗana. Takardar nan taka mai kauri ce, ruwa ba zai ratsa ba."

Ƙarfe uku da rabi ya kira ni ya ce an karɓa, ina jiyo muryar yarinyar a bayansa tana ihun murna. Sauran hotuna takwas Akanta ta kwashe, ta manna ɗaya a ƙofar banɗaki daga ciki, wai ko makulli zai sake maƙalewa ta san wanda ba za ta kira ba.

Washegari da safe na shigo na tarar da su biyu durƙushe gaban firinta, kati yana lilo a wuyan Minti-Biyu, 0417 ɓaro-ɓaro. Baba yana nuna masa yadda ake kaɗa takarda kafin a zuba don kada ta manne. Minti-Biyu ya ce ai wannan ya gane, abu ne na minti biyu. Baba ya karɓe takardar daga hannunsa, ya juya ta daidai, ya ce a'a ɗana, mu fara da wata shida tukuna.